BABBAR WAYA A KUDANCIN KADUNA: TSAKANIN JARI DA JARABA

FADAN KAJE, Jihar Kaduna — A cikin kayan aikin ɗan kasuwar wannan zamani, da wuya a sami wanda ya kai babbar wayar hannu amfani. Da ita ake jin farashi, da ita ake karɓar kuɗi, da ita kuma ake neman mota idan kaya sun haɗu. To amma ta wannan wayar ne sa'o'in aiki da ɗan abin da aka samu na riba suke zurarewa kowace rana, ba tare da an rubuta ko sisin kwabo a littafin shiga da fita ba.

Galibi idan an tayar da maganar jarabar waya, yara da 'yan makaranta ake ɗora wa laifi. Sai dai a garuruwa irin su Fadan Kaje da Zonkwa da Kafanchan, kamar yadda yake a sauran sassan ƙasar nan, magidanta da matan aure, da masu shaguna da dillalai da ma'aikata, su ne ke da halin sayen waya da zuba mata data, kuma lokacinsu ne yake da farashi. Yaro idan ya ɓata sa'a guda, darasi ya rasa. Babba idan ya ɓata ta, ciniki ne ya wuce shi, ko aikin da aka biya shi ya yi ya kwana. Saboda haka wannan batu ya shafi tattalin arziki kai tsaye, kuma ya cancanci 'yan kasuwa su zauna su yi masa lissafi kamar yadda suke yi wa kuɗin haya da na man janareta.

YADDA WAYAR TA ISO

Fadan Kaje gari ne na al'ummar Bajju, yana kusa da Zonkwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf. Yankin ya daɗe da sanin amfanin hanyar sadarwa ga ciniki, domin layin dogo ne ya raya Kafanchan tun daga 1927, lokacin da ta zama mahaɗar jiragen ƙasa masu tasowa daga Fatakwal zuwa Kaduna da Jos. Amma ta fuskar wayar tarho, ƙauyukan yankin sun daɗe a baya. Kafin shekarar 2001, duka layukan tarho da kamfanin NITEL yake da su a faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma mafi yawansu suna manyan birane ne.

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda kamfanonin da suka yi nasara suka biya Dalar Amurka miliyan 285 kowannensu. MTN da Econet suka soma aiki a watan Agustan wannan shekarar, ana biyan kimanin Naira 50 a kan kowane minti na kira. Da kamfanin Globacom ya shigo a 2003 da tsarin caji bisa daƙiƙa, sai farashi ya soma sauka, talaka ma ya sami shiga.

A Kafanchan kuwa, wata ƙungiya mai zaman kanta, Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 domin bai wa matan karkara ƙananan rance, ta buɗe wurin koyar da kwamfuta, daga baya kuma ta kafa hanyar intanet maras waya mai suna Zittnet domin makarantu da asibitoci da ƙananan ofisoshin yankin. A wancan zamani mai son shiga intanet sai ya taka ƙafa zuwa shagon kwamfuta, ya biya kuɗin sa'a guda, idan lokacinsa ya cika ya tashi wani ya zauna. Watau shi kansa tsarin yana da iyaka. Zuwan wayoyi masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Infinix da itel, na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, shi ya ɗauke wannan iyaka, ya mayar da shagon kwamfuta cikin aljihun kowa, dare da rana.

AMFANIN DA BABU MUSU A KANSA

Ko shakka babu wayar hannu ta ƙara wa manomi da ɗan kasuwa ƙarfi. Wata masaniyar tattalin arziki ta Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. A sakamakon da ta wallafa a 2010, ta nuna cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda fatake sun daina tafiyar ganganci, sun koma tambayar farashi kafin su ɗaura kaya.

Irin wannan amfani a fili yake a kasuwancin citta, wadda ita ce ƙashin bayan tattalin arzikin Kudancin Kaduna. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ke kan gaba wajen noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a da Zangon Kataf take fitowa. A yau manomin da ya tsaga cittarsa ya shanya ta yana iya ɗaukar hotonta ya aika wa mai saye a Kano ko Legas, ya kuma ji yadda buhu ya kwana a Kachia ko Kwoi kafin ɗan kamasho ya iso ƙofar gidansa.

Abubuwa biyu sun ƙara nuna yadda ciniki ya dogara da waya. Na farko, a ƙarshen watan Satumbar 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse sabis a wasu sassan jihar saboda matsalar 'yan bindiga, kuma sai da aka shafe kusan watanni biyu kafin a maido da shi. A wuraren da abin ya shafa, masu na'urar POS sun nade tabarma, fatake kuma suka riƙa yin tafiya mai nisa domin kiran waya ɗaya tak. Na biyu shi ne ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon 2023, wanda ya tilasta wa mai kayan miya da mai shayi da ɗan acaɓa karɓar taransfa. Daga nan ne asusun waya irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka zauna daram a kasuwannin karkara.

Ma'anar wannan ita ce, shawarar a jefar da waya ba ta da wurin zama ga ɗan kasuwa. Tilas wayar ta kasance a hannunsa, a kunne, yana dubawa ko alat ya shigo. Nan ne kuma matsalar take, domin a fuskar wayar da yake jiran alat, a nan ne TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp suke jiransa.

BANZA BA TA KAI ZOMO KASUWA

Rahotannin shekara-shekara da DataReportal ke fitarwa sun kiyasta cewa a farkon 2024 akwai masu amfani da intanet kimanin miliyan 103 a Nijeriya. Rahotannin sun sha sanya 'yan Nijeriya cikin waɗanda suka fi kowa daɗewa a kafofin sada zumunta, da fiye da sa'o'i uku a kowace rana, alhali matsakaicin duniya bai kai sa'o'i biyu da rabi ba. Kazalika alƙaluman Hukumar NCC sun nuna cewa a watan Janairun 2025 yawan datar da aka sha a ƙasar cikin wata guda ya haura terabait miliyan ɗaya. A 2024 kuwa, kuɗin da kamfanin MTN na Nijeriya ya samu daga sayar da data ya zarce wanda ya samu daga kiran waya.

Sa'o'i uku a rana ba su da yawa a baki, amma idan aka tara su, sun kama sa'o'i 1,095 a shekara, watau daidai da ranakun aiki kusan 137 masu sa'o'i takwas-takwas. Wannan ya haura watanni huɗu, kuma ya fi tsawon lokacin da manomi ke ɗauka yana haƙar citta da tsaga ta da shanya ta a kakar bana guda.

Wannan daɗewa ba haka kawai take faruwa ba. Kamfanonin da ke da waɗannan manhajoji ba sa karɓar kuɗin shiga, talla suke sayarwa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu fiye da Dala miliyan dubu 160 a 2024, kuma kusan dukkan kuɗin daga talla suka fito. Abin da mai talla yake saye shi ne idon mai kallo da lokacinsa. Duk minti ɗaya da mutum ya ƙara a kan manhaja, haja ce ta ƙaru a rumbun kamfanin. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan, domin ya san cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Domin tsawaita wannan zama, injiniyoyi sun ƙirƙiro dabaru da dama. Akwai shafin da ba ya ƙarewa, wanda ko yaushe aka ja shi sai wani sabon abu ya fito. Wani injiniya mai suna Aza Raskin, wanda ake danganta wa ƙirƙirarsa a 2006, daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Akwai bidiyon da ke kunna kansa da zarar na gabansa ya ƙare. Akwai jan ɗigon da ke nuna saƙo ya shigo, da ƙarar da ke biye da shi. Sa'annan akwai na'urar lissafin da ke lura da irin abin da mutum ya fi tsayawa a kansa, ta yi ta kawo masa irinsa. A 2017 Sean Parker, shugaban kamfanin Facebook na farko, ya bayyana a bainar jama'a cewa tun asali an gina shafin ne domin ya cinye lokaci da hankalin mutane gwargwadon iko, ta hanyar amfani da raunin da ke cikin ɗabi'ar ɗan Adam.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Ta fuskar likitanci, ya kamata a yi hattara da kalmar jaraba. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda ya soma aiki a watan Janairun 2022, an amince da jarabar caca da jarabar wasannin kwamfuta a matsayin lalurori, amma ba a sanya yawan latsa waya ko kafofin sada zumunta a matsayin cuta mai zaman kanta ba. Sai dai ma'aunin da hukumar ta yi amfani da shi ga wasannin yana da amfani ga kowa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita abin a kan ayyukansa na yau da kullum, ya kuma ci gaba da yi alhali yana ganin ɓarnar da yake jawo masa.

Masana tattalin arziki sun auna al'amarin ta wata fuskar. A 2018 wasu masu bincike a Amurka, ciki har da Hunt Allcott da Matthew Gentzkow, sun biya wasu masu amfani da Facebook kuɗi domin su rufe shafinsu na tsawon makonni huɗu. Waɗanda suka rufe sun sami rarar kimanin sa'a guda a kowace rana, sun ƙara zama da iyali da abokai, sun kuma ba da rahoton ɗan ƙarin kwanciyar hankali, ko da yake saninsu da labaran yau da kullum ya ragu. Bayan gwajin ya ƙare, da yawansu ba su koma amfani da shafin kamar da ba.

A wani binciken da Allcott da Gentzkow da Lena Song suka wallafa a 2022, wanda ya ƙunshi masu babbar waya kimanin 2,000, sun kiyasta cewa kashi 31 cikin 100 na lokacin da mutane ke yi a kafofin sada zumunta ya samo asali ne daga kasa kame kai. Watau kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin, shi kansa mai wayar ba da son ransa ya ɓatar ba. Binciken ya kuma nuna cewa da aka bai wa mutane hanyar ƙayyade wa kansu lokaci a wayar, sun yi amfani da ita, kuma kallon nasu ya ragu.

Har ila yau, Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci ke tsayawa a kan abu guda a fuskar kwamfuta kafin ya tsallaka wani. A 2004 ta sami kimanin minti biyu da rabi. A 'yan shekarun baya-bayan nan kuwa abin ya sauko zuwa kimanin daƙiƙa 47. Duka waɗannan bincike a ƙasashen waje aka yi su, amma manhajojin da aka auna a can su ne dai ke cikin wayoyin da ake sayarwa a kasuwar Kafanchan.

LISSAFIN ASARAR

Asara ta farko ita ce ta kuɗi tsaba. A watan Janairun 2025 Hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashin kira da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan su kamfanonin sun nemi a ninka shi. Saƙon rubutu da taransfa ba sa cin data sosai, bidiyo ne ke lanƙwame ta. Don haka mafi yawan abin da ɗan kasuwa ke kashewa da sunan datar ciniki, a kallo yake ƙarewa. Ga kuma kuɗin caji, tun da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma man janareta ya yi tsada tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. A watan Oktobar 2024, lokacin da jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, shagunan cajin waya sun cika maƙil, farashin cajin ma ya tashi.

Asara ta biyu ita ce ta lokacin aiki, kuma ana iya yi mata ƙiyasi cikin sauƙi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, bisa dokar 2024, Naira 70,000 ne a wata. Alal misali, idan ma'aikacin da ke kan wannan albashi yana ɓatar da sa'o'i biyu daga cikin takwas a kan kallon waya, to rubu'in albashinsa, watau Naira 17,500, an biya shi ne a kan aikin da bai yi ba. Mai gidan burodi ko wurin sayar da kayan gini da ke da yara huɗu a irin wannan hali, yana biyan mutum huɗu ne alhali aikin mutum uku yake samu. Idan kuwa shi maigidan ne da kansa ya duƙufa a kan wayar, to babu mai tsawata wa kowa.

Akwai kuma asarar da ba ta ƙirguwa nan take: mai sayen da ya yi sallama sau biyu ba a ɗago kai ba, ya wuce shagon gaba, canjin da aka bayar ya zarce, lambar asusun da aka rubuta ba daidai ba, telan da ya yi alkawarin ɗinki kafin Kirsimeti ko Sallah ya kasa cikawa, direban da ya kwana yana kallon bidiyo har ƙarfe biyu na dare, sa'annan ya ɗauki motar kaya da asuba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe da sanya amfani da waya yayin tuƙi cikin laifuffukan da ake cin tara a kansu, amma kowa ya san yadda ake yi a kan hanya.

Asara ta uku ta fi sauran zafi, domin ita jari take ci. A 2024 zazzaɓin da aka fi sani da mainin ya game Arewa, inda manya da yara suka riƙa dangwalar fuskar waya dare da rana a wasannin Telegram, da fatan za a biya su da kuɗin intanet. Bayan wasu sun ɗan samu a Notcoin a watan Mayun wannan shekarar, sai jama'a suka yi ɗango a Hamster Kombat, wanda masu shi suka ce ya tara 'yan wasa miliyan 300 a duniya. Da ranar biya ta zo a ƙarshen Satumba, da yawa abin da suka samu bai wuce 'yan Daloli kaɗan ba, bayan watanni suna ƙona data da caji da barci.

Waɗanda suka faɗa hannun CBEX kuwa, uwar kuɗinsu ce ta tafi. Wannan shiri, wanda aka yi ta tallarsa a kafofin sada zumunta da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ya rufe a watan Afrilun 2025, Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta ce ba shi da rajista, Hukumar EFCC kuma ta shiga bincike. Irin wannan ya taɓa faruwa da MMM a watan Disambar 2016. Ga kuma cacar ƙwallon ƙafa, wadda a da sai an shiga shago a gaban idon jama'a, yanzu kuwa magidanci yana iya yin ta a ɗakinsa daga asusun da kuɗin shagonsa suke ciki. Duk wanda ya daɗe a kan waya, shi ne ya fi cin karo da irin waɗannan tallace-tallace.

Wannan duka yana zuwa ne a lokacin da aljihun mutanen yankin bai gama farfaɗowa ba. A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, ta halaka amfanin manoma masu ɗimbin yawa, irin shuka ya yi tsada, har sai da Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti na musamman a kan annobar. Gidan da ke fafutukar haɗa kuɗin iri da taki ba shi da rarar da zai zuba wa kallo da caca.

Sa'annan akwai jita-jita. Kudancin Kaduna yanki ne da ya sha fama da tashe-tashen hankula, kuma 'yan kasuwarsa sun san abin da dokar hana fita ke yi wa ciniki. Hoto ɗaya na wani tsohon rikici, ko na wata ƙasa dabam, idan ya zagaya zaurukan WhatsApp da safe, yana iya hana motocin ƙauye shigowa kasuwa a ranar. Shi kansa kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar kacal a lokaci guda tun watan Janairun 2019, saboda irin ɓarnar da labaran ƙarya suka jawo a wasu ƙasashe.

ABIN DA ƊAN KASUWA ZAI IYA YI

Matakin farko shi ne awo, domin abin da ba a auna ba ba a sanin ya ragu ko ya ƙaru. Tun 2018 kamfanonin Apple da Google suka sanya wa wayoyi ma'aunin da ke nuna yawan sa'o'in da aka yi a kan kowace manhaja, da yawan lokutan da aka buɗe wayar. Yana cikin sashen saituna na mafi yawan wayoyin da ke kasuwa, kuma kyauta ne. Ya kamata mai shago ya riƙa duba shi duk ƙarshen mako, ya rubuta adadin kusa da kuɗin data da na caji, a cikin littafin da yake rubuta sauran kashe-kashensa.

Mataki na biyu shi ne raba wayar ciniki da wayar hira. Wanda ke da hali zai iya ajiye waya guda a shago, wadda babu komai a cikinta sai manhajar banki da lambobin abokan ciniki. Wanda ba shi da hali zai iya riƙe ƙaramar waya mai madannai domin kira da saƙon alat, ya bar babbar a aljihun tebur har a tashi. Haka nan kashe ƙarar saƙonnin da ba na kuɗi ba, da rufe bakin zaurukan tsofaffin ɗalibai da na siyasa da na ƙungiyar gari a lokutan aiki, ba ya buƙatar ko kwabo.

Mataki na uku ya shafi masu ɗaukar ma'aikata da masu koyar da sana'a. Ƙa'idar waya a wurin aiki tana bukatar a faɗe ta a fili tun ranar da aka ɗauki yaro, a kuma ware masa lokacin da zai duba tasa, kamar lokacin cin abinci. Amma ƙa'idar ba za ta yi tasiri ba sai maigida ya soma bin ta. Bugu da ƙari, maigidan da ke aika wa yaransa saƙon aiki da tsakar dare yana koya musu kwana da waya a hannu. A ƙasar Faransa, tun watan Janairun 2017 doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan lokutan da ba za a neme su ta waya ko wasiƙar intanet ba. Ƙananan masana'antun Nijeriya ba sa bukatar jiran doka kafin su yi irin wannan yarjejeniya.

Mataki na huɗu na ƙungiyoyi ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoman citta da na masu adashi suna da zauruka a waya, kuma su ne suka fi dacewa su tsayar da doka a cikinsu: farashi da sanarwa kawai, ban da tallar shirin ninka kuɗi, ban da hoton da ba a san asalinsa ba. Kafin mamba ya zuba kuɗi a wani shiri, shugabannin ƙungiya suna iya taimaka masa ya bincika ko yana da rajista da hukumar da abin ya shafa. Majami'u da masallatai da fadojin sarakuna, waɗanda suka daɗe suna jan kunnen matasa a kan waya, lokaci ya yi da za su haɗa da iyayensu a cikin nasihar. Wanda kuwa abin ya kai shi ga cin bashi domin caca, ko rashin barci mai tsanani, ko rigima da iyali, to ya wuce batun dabara, likita ya kamata ya gani.

Layin dogo ya kawo wa Kafanchan arziki ne saboda jirgi yana da lokacin tashi da lokacin tsayawa, fatake kuma suka tsara harkokinsu a kan haka. Babbar waya ta kawo wa Fadan Kaje da maƙwabtanta kasuwar da ta fi ta jirgin faɗi, sai dai ba ta zo da jadawali ba, kuma masu ƙera manhajojinta ba su da niyyar kawo shi. Ya rage wa kowane ɗan kasuwa ya tsara nasa, tun kafin kakar citta mai zuwa ta same shi da waya cike da bidiyo, asusu kuma babu kuɗin sayen buhu.